Shayin da Ba Ya Kumfa

A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa a Gumel ba a rasa gardamar shayi. Da an tashi tara kowa ya jawo filas ɗinsa, sai a fara. Wata ta ce in ba a narka madara har ya yi kauri ba, ai ruwan zafi ne kawai. Wani ya ce shi in bai ji citta ta kama masa maƙogwaro ba, kamar bai karya ba. Ni kuwa duk wadda tsautsayi ya sa ta kurɓi nawa, sai ta yamutsa fuska ta ce, "Malama, wannan shayi ne ko jiƙon maɗaci?" Nakan ce ta sha nata ta bar ni da nawa. Ban cika ba su labarin ba, domin in na fara kuka ke zuwar mini, ni kuma na tsani a ga hawayena a wurin aiki.

Ba haka na taso ba. Ina yarinya a Maigatari ni ce mai cokali huɗu na sukari, in Inna ta juya baya in ƙara na biyar. Gidanmu kowa da irin nasa. Na Inna na kayan ƙamshi ne, citta da kanumfari da masoro, ta daka su tare ta tafasa, in ka sha sai zufa ta keto maka ko da sanyin safiya ne. Gwaggona ta Sule Tankarkar na'a-na'a take jefawa da ɗan lemun tsami, sannan ta juye a kwano ta ajiye har ya huce sarai, abin da har gobe na kasa ganewa. In mai sanyi kike so, Gwaggo, ai ga randa nan. Da na yi aure kuma na tarar da mijina, mutumin Gagarawa, shi sai a ƙaton kofi, ya tsoma rabin burodi, burodin ya tsotse shayin tas, ya bi da cokali yana kwasa kamar mai shan fate. Na yi magana har na gaji, na sa masa ido.

Baba ne kaɗai ba ya shan na gida. Dillalin tumaki da awaki ne a kasuwar Maigatari, kuma tun da na yi wayo shayi ɗaya na san yana sha, na Baffa. Baffa ba ɗan'uwansa na jini ba ne. Mutumin Damagaram ne, ya shigo garin yana saurayi a bayan motar kanwa, ya zauna yana sayar da igiya da tabarmi, abota ta haɗa shi da Baba har muka buɗe ido muna kiransa Baffa. Kullum bayan sallar la'asar su huɗu ke zama a gindin dalbejiyar da ke gaban rumfarsa: shi da Baba, da wani tela, da wani tsohon direba da ya ajiye tuƙi.

Shayinsu irin na Buzaye ne, ɗanyen ganye a 'yar buta shuɗiya a kan gawayi, ana shansa a ƙananan kofunan gilashi waɗanda ba su fi kurɓa uku ba. Sau uku ake dafa ganyen guda. Na fari mai ƙarfi, na biyu ya sassauta, na uku kuwa zaƙi ne zalla. Kuma yana da ƙa'idojinsa, waɗanda ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya faɗa mini, gani kawai nake yi in an aike ni wurin Baba. Ba a tashi sai an sha na uku. Kofin da aka miƙo maka ba a mayar da shi. Sukari kuwa a buta ake zuba shi, ba a kofi ba, don haka abin da mutum ɗaya ya sha shi kowa zai sha.

Baffa da sukari kuwa sai Allah. Ba ya awo da cokali, da hannu yake dumbuzawa. Abin alfaharinsa a duniya kumfa ce. Ya ɗaga buta har kusan kafaɗarsa, ya sako shayin siriri cikin kofi ba tare da ɗigo ɗaya ya faɗi ƙasa ba, ya mayar, ya sake, har kumfa ta haye rabin kofi ta tsaya cak. Yakan ce sukari ne ke riƙe ta, kuma duk wanda ya ba ka shayi ba kumfa ya raina ka. Na taɓa jin yana cewa shayi ba sukari maganin shawara ne, a kai wa masu jinya.

Shekarar da na haifi 'yata ta biyu Baba ya fara ramewa. Rigunansa suka yi masa yawa, ga ƙishirwa ba dare ba rana, ga jiri in ya tashi. Da ƙyar na shawo kansa na kawo shi asibiti a Gumel. Aka gwada jini, likita ya ce ciwon sukari ne, kuma ya hau sosai. Ya rubuta magani, ya lissafa abin da za a ci da wanda za a rage, ya ce sukari kuwa a yi sallama da shi. Na tambaye shi shayi fa, ya ce shayin ba laifi in ba a cika ba, abin da ake zubawa a ciki ne matsalar. Ya dube ni ya ce in aka yi wasa, ido zai iya tafiya, ƙafa ma haka.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana sai da Uwata. To ni kuma na ɗauki sunan da gaske. Zuciyata a kusa take, kowa ya sani, kuma ranar tsoro ya haɗu da ita. Na raka shi gida na kwashe sukarin da ke ɗakinsa, na kafa wa Inna doka, na kafa wa ƙannena. Sannan na shiga kasuwa na sayo ɗan filas mai kyau, ja, mai hannu. Na ce, "Baba, ga shi. Inna za ta riƙa dafa maka naka ba sukari, in za ka majalisa sai ka tafi da abinka. Su sha nasu, ka sha naka."

Ya juya filas ɗin a hannunsa ya ce, "To, Uwata."

Na koma Gumel ina jin kaina, wai na yi dabara. Ni mai ilimi, na raba gardama da filas.

Sau ɗaya ya tafi da shi. Inna ta ce ranar tun kafin rana ta yi ja ya dawo, ya ajiye filas ɗin a bayan ƙofa cike yadda aka ba shi, ya shige ɗaki. Kashegari bai fita ba. Jibi ma haka. Da na zo ƙarshen mako na tarar da shi a tsakar gida bayan la'asar, lokacin da ban taɓa ganinsa a gida ba tun da aka haife ni, yana zaune a kan buzu yana kallon kaji. Na ce me ya hana shi fita. Ya ce ba komai. Na matsa, domin ni ban iya barin magana ba.

Ya ce, "Uwata, an miƙo mini kofi. In na karɓa na saɓa miki, in na mayar na ci mutuncin mutumin da muka shekara talatin muna sha a buta ɗaya. Sai in zaro tuluna daban in zauna a gefe kamar mai cutar da ake gudu? Gara in zauna a gida."

Na ce, "Haba Baba, a kan shayi? Lafiyarka ta fi shayi."

Ya mayar da idonsa kan kajin. Ni kuma a raina na ce shi ke nan ma, hakan ya fi, in ba ya zuwa ba wanda zai ba shi.

Makonni suka wuce. Yana shan magani a kan lokaci, gwajin jini yana kyau, likita har yaba mini ya yi. Amma Baba ƙarewa yake yi a gabanmu. Ya daina zuwa kasuwa sai ranar Alhamis, ita ma ya dawo da wuri. Mutumin da in yana ba da labarin cinikin rago sai maƙwabta sun leƙo, ya koma sai a yi masa magana uku ya amsa ɗaya. Tuwon ma sai ya taɓa ya ture. Baffa ya zo gaishe shi ya fi a ƙirga, sai Baba ya ce a ce yana barci. Inna ta ce mini a waya, "Ke kin tsare shi daga ciwo, ga shi zaman ɗaki zai kashe mana shi." Na ji zafin maganar, na kashe wayar. Na rasa inda zan sa kaina, domin duk ta inda na duba ubana nake gani yana tafiya.

Wata Alhamis ina aji Inna ta kira, muryarta wasai. Ta ce, "Albishirinki. Babanki ya dawo daidai. Kwana biyar ke nan Baffanki ya kwaso gawayinsa da butarsa ya kafa a zaurenmu, ya ce tun da Alhaji ya ƙi zuwa wurin shayi, shayi ya zo wurinsa. Jiya har dariyarsa na jiyo daga madafa."

Na ce, "Shayin yake sha?"

Ta ce, "Har na uku."

Wallahi ban san lokacin da na bar ajin ba. Na hau babur mai ƙafa uku zuwa tasha, na shiga motar Maigatari. Ranar kasuwa ce, hanya cike da motocin shanu, muna tafiya muna tsayawa, ni kuwa ina ta tafasa a kujerar baya ina shirya maganganun da zan faɗa. Na tuna hannun Baffa yana dumbuzar sukari. Na tuna likita yana cewa ido da ƙafa. Kwana biyar, sau uku-uku. Har na fara lissafin inda za a kwantar da shi.

Na iso bayan an idar da la'asar da ɗan jimawa. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙamshin gawayi. Ga su nan su huɗu a zaure a kan tabarma, ga Baba da kofi a hannu yana ba da labari har da nuni. Na durƙusa na yi gaisuwar da ba ta kai gaisuwa ba, ko amsarsu ban jira ba na ce, "Baffa, so kuke ku kashe mini uba? Kun san abin da likita ya ce. In ku ba ku damu da shi ba, mu muna sonsa."

Har yau in na tuna wannan magana sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutumin da ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni Baba ba ya gari, shi na dubi idonsa na faɗa wa haka, a gaban tsararrakinsa.

Tela ya sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Uwata," a hankali. Baffa kuwa ko ɗagowa bai yi ba. Ya ci gaba da abin da yake yi, ya ɗaga buta ya sako, ya mayar, ya sake ɗagawa. Na lura ya daɗe yana yi fiye da yadda na sani, kuma kumfar 'yar kaɗan ce, tana hawa tana mutuwa. A raina na ce tsufa ya kama hannun. Ya cika kofi ɗaya ya miƙo mini.

"Karɓi, ɗiyata. Kin sha hanya."

Da fushina da komai, hannuna bai iya ƙin karɓa ba. A gidan da ba a mayar da kofi na tashi. Na kai baki na kurɓa don in samu hujjar ci gaba da faɗa.

Ɗaci ya bugi harshena har sai da idona ya kawo ruwa. Babu sukari a ciki, ko ƙwaya. Na sake kurɓa don in tabbatar. Na dubi wajen butar, inda kullum ƙullin ledar sukari yake zama kusa da gwiwar Baffa, ba komai a wurin sai ganye da 'yar na'a-na'a. Na dubi tsohon direba, na ga yana haɗiyar nasa yana runtse ido ɗaya kamar mai shan maganin zazzaɓi. Tela ma haka. Duk su huɗun abin da suke sha ke nan.

Baffa ya ce, yana gyara gawayi, "Haƙori ne ya matsa mini. Na je wurin lokotoro," haka yake kiran likita da bakinsu na can, "ya ce in bar zaƙi. To ni ke dafawa, buta kuma ɗaya ce. Duk wanda bai iya sha ba ya nemi wata majalisar."

Direba ya ce, "Mu dai an zalunce mu. Haƙorin wani, bakinmu."

Suka yi dariya, har da Baba. Ni kuwa ina durƙushe da kofi a hannu. Na yunƙura zan shige cikin gida in ɓoye fuskata, Baffa ya ce, "Ina za ki? Na fari kika sha." Haka na zauna a bakin ƙofar zaure, mayafina a kan fuska, na sha na biyu, na sha na uku. Na ukun da na sani da zaƙi kamar zuma, ranar ruwa-ruwa ne mai ɗan ɗaci da ƙamshin na'a-na'a. Ban taɓa shan abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba, kuma ina sha ina kuka.

Da suka watse don sallar magariba na bi Baba ciki na ce, "Baba, ashe Baffa ma ba shi da lafiya?"

Ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, "Haƙoran da suka rage masa ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba, kuma jiya a gabana ya tauna aya da su. Lafiyarsa ƙalau. Ki bar shi da ƙaryarsa, ni ma na bar shi da ita. In na nuna na gane, sai in fara jin nauyi, in na ji nauyi kuma sai in daina zama. Ya san haka."

Kashegari da safe na je rumfar Baffa na durƙusa har ƙasa na ba shi haƙuri. Bai bar ni na gama ba. Ya ce, "Wadda ba ta yi faɗa a kan ubanta ba, a kan wa za ta yi? Tashi, kina tare mini masu sayen igiya." Na so in yi masa godiya a kan ainihin abin, amma da na buɗe baki sai ya dafe kumatu ya ce haƙorin nan ya hana shi barci jiya. Dole na yi shiru, na ce Allah ya sawwaƙe.

Shekara bakwai Baba ya ƙara a duniya bayan wannan, da idonsa da ƙafarsa. Ya koma kasuwa, ya ga auren ƙanwata, ya yi wa ɗana na uku addu'a ranar suna. Majalisa ta koma gindin dalbejiya, kuma a shekarun nan bakwai ba a sake zuba sukari a butar nan ba. Direba bai fasa ƙorafi ba ko rana ɗaya, bai kuma fasa zuwa ba. Mutane uku masu lafiya, tsofaffi waɗanda ɗan zaƙin la'asar ɗin nan na cikin abin da ya rage musu na jin daɗi, suka haƙura da shi don kada abokinsu ya zauna a gefe. Ni da nake 'yar cikinsa, abin da na iya yi masa shi ne sayen filas. Ina gode wa likita, ina gode wa Inna da ta jure dafa abinci kashi biyu, amma na san waɗanda suka riƙe mini uba.

Filas ɗin ja shi ne wanda nake zuwa da shi makaranta yanzu. Inna ta ba ni shi, ta ce ba wanda ya sake amfani da shi.

Bayan rasuwar Baba da kwana arba'in na sayi sukari kwano guda na ƙulle a leda, na tafi rumfar Baffa bayan la'asar. Na tarar da su su uku, wurin zaman Baba a tabarma ba kowa. Na gaishe su, muka yi wa juna ta'aziyya, sannan na tura ƙullin gaban Baffa. Na ce, "Baffa, na san haƙorin ya warke. Allah ya saka muku da alheri, ya biya ku abin da ba zan iya biya ba. Ku koma shan abinku."

Wannan karon bai dafe kumatu ba. Ya ɗora hannu a kan ledar.

Sannan ya ce, "Mun gwada, ɗiyata. Kwana uku da binne shi, wannan," ya nuna direba, "ya zo da sukari a aljihu. Na zuba kamar da. Kumfa ta hau har bakin kofi, ban taɓa yin mai kyanta ba. Muka zauna muna kallonta har ta kwanta. Ba wanda ya miƙa hannu."

Direba ya juya fuska wajen titi. Baffa ya turo mini ƙullin a hankali ya ce in kai wa Inna, ita tana da baƙi masu zuwa gaisuwa. Ya ɗaga butar ya sako, ya mayar, ya sake, ya jera kofuna. Huɗu ya jera, kamar kullum. Ya ɗauki na huɗun ya miƙo mini, ba kumfa a kansa, na sa hannu biyu na karɓa.